Kada Ka Bari Su Goge Ƙofar Direba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Yake tsare matafiyi a hanya, Ya kuma tsare waɗanda ya bari a gida.

Halifa, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Allah Ya kai ka Tabuk lafiya, Ya raba ka da gyangyaɗin hanya da raƙumin da ke tsallaka titi ba sallama, Ya sa ka shiga sabon aikinka da ƙafar dama.

Na ce wa Ummanka ta gaya maka ka buɗe durowar gaban mota kafin ka tayar da ita, za ka ga takardar nan a kan gwangwanin kakin da nake shafa wa motar. Na san za ka yi mamaki, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka amma sai na rubuto maka wasiƙa. To ai kai ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina gare ka, mu kuwa yadda aka rene mu ko sunan ɗan fari ba a kamawa, balle a zauna ana buɗe masa ciki. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ga ni ina fafewa. Da Hausa na rubuta, da gangan. Ka bi ta a hankali, in wata kalma ta gagare ka Ummanka na nan, kada ka tambayi waya.

Ita ce ta tsegunta mini cewa gobe da safe, kafin ka kama hanya, za ka biya Sina'iyya wajen masu gyaran motoci ka ba da wanet ɗin, wato a-kori-kurar nan tamu, a yi mata talmi', a bi jikinta da inji daga gaba har baya a fitar da duk wani karce. Ta ce ka ambaci na ƙofar direba musamman, wai ya daɗe yana ɓata wa Baba rai. Don Allah kada ka kai ta sai ka karanta wannan har ƙarshe. Mota taka ce tun ranar da aka mayar da takardunta sunanka, ba ni da iko a kanta. Roƙo nake yi.

Tun daga launinta na fara wauta. Duk Riyad farar wanet ake hawa, don fari yana rufa wa ƙura asiri, ba ya kuma shan zafi. Ni kuwa, da aikina na gyaran famfunan rijiyoyi ya ba ni damar mallakar irinta, sai idona ya faɗa kan wata shuɗiya mai duhu a ƙarshen layi. Shuɗinta irin na rinin baba ne, irin wanda kakanka, mai sunanka, yake bugawa a kan gungume a Kura har ya ɗauki ƙyalli. Ban yi shawara da kowa ba. Wani abokin aikina ɗan Sudan ya dube ta ya ce na auro wa kaina wahala, kuma gaskiya ya faɗa. Mota mai duhu ba ta ɓoye komai, ko da ɗan yatsa ka shafe ta sai ta nuna. Ka san wannan tun yau, don hannunka ya yi sauƙi a jikinta.

Kakin farko da na shafa mata, ranar Juma'a ce bayan an sauko, tsakiyar zafi, a ƙofar gidanmu na Jaradiya inda ko inuwar tsinke babu. Na ce ai in kaɗan yana da amfani, mai yawa ya fi. Na lafta shi kamar man shanu a burodi, daga bonet har ƙofar baya, sannan na shige gida cin abinci, ina ta yaba wa kaina. Da na fito, wallahi Halifa, kakin ya ƙone ya kama jikin motar kamar busasshen koko a ƙwarya. Na goga, na goga, har kafaɗuna suka mutu. Baƙar robar gefen tagogi kuwa ta yi fari fat, kuma in ka duba ta ɓangaren dama har yanzu da ɗan saura. Ummanka ta leƙo ta ce, sannu mai fenti.

Wannan abin kunya ne ya kai ni wajen Ammu Salih, wani tsohon mai fentin motoci ɗan Yaman a Sina'iyya, Allah Ya ji ƙansa. Sai ya kama hannuna ya juya shi, ya ɗora bayansa a kan bonet. Na fizge da sauri. Ya ce, "Inda bayan hannunka bai iya zama ba, kaki ma ba zai zauna ba." Sai ka riƙe wannan. A inuwa ake shafa kaki, bayan asuba ko dab da magariba, ƙarfe yana sanyi. Ɗan kaɗan za ka lakato a soso mai laushi, ka bi wuri guda kamar faɗin darduma, siriri har sai ka karkata kai kafin ka gan shi. Ka jira ya yi hazo. Ka ja yatsa a kai, in ya fita tas ya nuna, sai ka bi da tawul mai tsabta ba dannawa. In ka gama nan ka matsa gaba. Ka kuma kauce wa baƙar roba. Sannu ba ta hana zuwa, ni da ban yarda ba kwana biyu na yi ina kankara.

A ranar ne tsohon nan ya nuna mini abin da har yau in na tuna sai in yi ta mamaki. Ya ɓanɓaro ɗan ɓawon fenti daga wata mota da ta yi haɗari, ya ɗora mini a kan farce. Ya ce in duba gefensa. Hawa uku ne, na ƙasa mai kama ƙarfe, na tsakiya mai launi, sai na sama wanda ba shi da launi ko kaɗan, shi ne mai ƙyallin. Duka ukun in an haɗa da kyar su kai kaurin takardar nan da ke hannunka. Subhanallah! Wannan ɗan abu shi ne tsakanin ƙarfe da ranar Riyad, ranar da ke fasa dashbod ta narkar da kwalta. Kakin kuma da ake shafawa a kansa ya fi shi siranta nesa ba kusa ba. Ya ce mai kyaun daga ganyen wata bishiya ake samo shi, mai kama da giginya, a wata ƙasa mai nisa bayan teku. Allah Ya hore wa ganyen ya riƙa fitar da kaki don kada rana ta shanye masa ruwa, mutane su karkaɗe shi su zuba a gwangwani. Na dawo gida ina ta juya abin a raina, ganye a wata duniya yana kare kansa daga rana, ashe har da motar wani Bakano a Jaradiya aka yi rabon. Tun daga ranar ba na buɗe gwangwanin nan sai da bismillah.

Ka ce daga nan na yi hankali? Ina! Wata uku na yi ina sace wa Ummanka sabulun wanke-wanke ina wanke mota da shi, don na ga yana kumfa da kyau. Ita tana cigiyar sabulu, ni ina mamakin yadda ƙyallin motata ke gudu. Ashe abin da aka yi don ya fitar da maiƙo daga tukunya, kaki ma maiƙo ne a wajensa. Ka nemi sabulun mota na ainihi. Kada kuma ka bar ruwa ya bushe da kansa, musamman ruwan tanka da za ku riƙa samu a wajen aiki, gishirinsa yana barin fararen ɗigo da ke cin fenti. Ka tsane ta tun tana jiƙe. Kashin tattabara kuwa kada ya wuni a kanta, ka jiƙa shi ya yi laushi ka ɗauke, ban da kankara.

In kana son ka san ko kakinka yana nan, ruwa zai gaya maka. Ba na manta ruwan sama na farko da ya same ta bayan na iya shafawa. Ka san ruwan garin nan, sai a shekara ana jira. Na fito daga masallaci na tarar ruwan bai kwanta a jikinta ba, ya tsaya ɗigo-ɗigo, dubbai, kowanne a dunƙule kamar 'ya'yan carbi, kowanne da hasken sama a cikinsa. Na tsaya cikin ruwa kamar wani sakarai ina kallo har rigata ta jiƙe sharkaf. Duk ranar da ka watsa mata ruwa ka ga ya shimfiɗe bai dunƙule ba, lokacin sabon kaki ya yi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Babban abin da ke kashe fenti a ƙasar nan shi ne a goge ƙura a bushe. Ƙurar nan ba gari ba ce, dutse ne niƙaƙƙe. In ka ja tsumma a kanta, ko yatsa, ka ja dutse ne a kan wancan siririn rufi. Sai an fara kora ta da ruwa mai yawa kafin hannu ya taɓa. Na san wannan sarai, ina ma koya wa mutane. Amma ranar da ya kamata in tuna, ranar na manta.

Kana shekara bakwai. Na yi mako uku a Wadi Dawasir kan wata rijiya da ta ƙi, na dawo a gajiye, mota ta yi butu-butu har shuɗin ba ya ganuwa. Na shiga na yi wanka na ɗan kishingiɗa. Da na fito bayan la'asar sai na gan ka tsaye jikin ƙofar direba, da ƙwallon dabino a hannunka, ka yi rubutu manya-manya a cikin ƙurar. Kana kallona kana murmushi. Ni kuwa ban ga murmushin ba sai daga baya. Abin da na gani shi ne ƙwallon dabino a kan fentina. Ko tsayawa karantawa ban yi ba, na dai ga haruffan Larabci ne, na ce shirmen 'yan makaranta. Na doke hannunka har ƙwallon ya faɗi, na ce maka, "Kai wane irin yaro ne, ba ka jin Hausa, ba ka jin magana?" Sannan na ciro tsumma busasshe na goge wajen da ƙarfi, da fushi, na ƙara nawa karcen a kan naka.

Ba ka yi kuka ba. Ka shige gida. Dama a lokacin Hausarka tana tangal-tangal, Larabcin makaranta da na titi ya fi maka sauƙi, ni kuma ba na barin ka ka gama jimla sai na gyara maka. In ka ce "kofa" in ce "ƙofa", in sa ka maimaita gaban baƙi, a yi dariya. Daga ranar nan sai ka daina gwadawa gaba ɗaya. In na kira ka sai ka ce "sam", irin ta mutanen Najd, wato na'am, ni kuma kunnena na Bahaushe "sam" ɗin ƙi yake ji. Ka zama yaro mai ladabi, ban taɓa samun ka da laifi ba, duk abin da na ce sai ka ce "abshir", wato an gama. Amma da Ummanka da ƙanwarka Hanan nakan jiyo ka ta bayan ƙofa kana Hausa, ina shigowa ka juya harshe. Shekara goma sha takwas ke nan. Na ɗauka taurin kai ne, na ce zai wuce.

Ban tsaya nan ba. Bayan 'yan kwanaki na aro injin talmi', na ce zan fitar da karcen da kaina. A nan ne ya kamata ka gane bambancin da masu shago ba za su gaya maka ba. Kaki ƙari yake yi, yana cike ƙananan karce ya lulluɓe su. Talmi' kuwa ragi yake yi, yana cinye saman fentin har ya sauko daidai zurfin karcen, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na fara daga dama, kusa da hannun ƙofa, na danna injin na tsaya wuri guda, don ina son in ga wajen ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Kafin in farga na cinye rufin sama na shiga launi. Shi ne dusasshen tabon nan da ka sani, mai faɗin tafin hannu. Da Ammu Salih ya gani sai ya girgiza kai ya ce karcen yaro da na bar shi da kaki ya rufe shi, nawa kuwa sai dai sabon fenti. Na ji tsoro na bar sauran, na riƙa bin sa da kaki, ina kauda ido duk sanda zan buɗe ƙofa. In ka ga aibi a jikin abin da kake so, Halifa, ka fara da hannu mafi sauƙi, kuma ka san inda za ka tsaya. Ni ban sani ba, a mota ko a gida.

Shekaranjiya Litinin na ce bari in yi mata kaki na sallama, in miƙa maka ita tana walƙiya. Don sabon ya kama da kyau sai na wanke tsohon gaba ɗaya, da sabulun Ummanka, wannan karon da izininta. Ka san yadda gidanmu na yanzu, na Nasim, yake, in rana ta yi ƙasa tana shigowa ta bakin layi a kwance. Tawul ya suɓuce mini, na durƙusa zan ɗauka, na ɗago kai daidai ƙofar direba. Ba kaki a kanta, ga hasken ya zo ta gefe. Sai na ga ƙarƙashin karce-karcena akwai wasu layuka da suka fi zurfi, kuma ba a hargitse suke ba. Haruffa ne. Sin, nun, wau. Na matsa. Dal, alif. Sannan zai, wau, alif. Na nemi Larabci a ciki ban samu ba. Sai na karanta a fili, kamar yadda muke yi a makarantar allo, na ji bakina ya ce: sannu da zuwa.

La ilaha illallah. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ummanka ta fito ta same ni a haka. Na nuna mata, ba ta ko matso ba, ta ce ai ta sani. Ta ce kwana uku ka yi kana bin ta kicin tana koya maka yadda za ka tarbe ni da Hausa. Da na shigo ka buɗe baki sai tsoro ya kama ka kada ka faɗa ba daidai ba in gyara maka, shi ne ka fita ka rubuta da haruffan da ka iya. Ta ce a daren ta so ta gaya mini, na ce kada wanda ya ƙara tayar mini da maganar motar nan, ita kuma ta kama bakinta. Na tambaye ta ko iyakar rubutun ke nan. Ta ce a'a, da kalma ɗaya a farko, daga dama. Na duba dama, tabon injina ne a wajen. "Baba" ka rubuta, ni na cinye shi da hannuna.

Kwana biyu ke nan ina jujjuya ikon Allah. Kakanka bai taɓa rubuta boko ba, duk wasiƙun da ya aiko mini da ajami ne, Hausa cikin haruffan Larabci, suna nan a akwatina. Ba wanda ya koya maka, ban taɓa nuna maka ko ɗaya ba. Yaro ɗan shekara bakwai a wani lungu na Riyad ya lalubo hanyar kakansa shi kaɗai, da ƙwallon dabino. Ni da na yi allo, na kuma fi kowa kukan ɗana ba ya jin Hausa, aka rubuta mini Hausa a ƙofar da nake buɗewa kullum ban karanta ba. Sannan ka dubi inda aka ajiye saƙon, a cikin abin da bai kai kaurin takarda ba, ƙarƙashin wannan rana, shekara goma sha takwas. Kakin da nake shafawa don in ɓoye shi, shi ne ya tsare shi har ya iso gare ni. Rashin sani ya fi dare duhu. Na cuce ka, Halifa, kuma na ji kunya, na kuma yi kuka, ban ɓoye maka ba. Ka yafe mini.

Ga roƙona. In ka ga dama ka kai ta su bi bonet da rufi da bayanta, amma su yi sama-sama, fentin ya tsufa ba shi da sauran abin bayarwa da yawa. Ƙofar direba kuwa ka tsaya a kansu, kada inji ya taɓa ta. Minti biyu ya ishe su su shafe abin da ya rage. Na yi wa duk jikin motar kaki ban da ita, na bar maka ita haka don ka gani da idonka. Na juya motar, ƙofar tana kallon gabas. In rana ta fara fitowa ka durƙusa ka duba ta gefe. In ka gama, ka matsar da ita inuwa, ka taɓa da bayan hannu, ka shafa mata kakin da kanka, siriri. Zai rufe rubutun daga idon mutane, amma yana nan a ƙasa.

Ka riƙe salla a kan lokacinta ko a tsakiyar sahara kake. Ka duba ruwa da mai da iskar taya kafin ka fita, in barci ya zo ka tsaya, ba wanda ke binka. Ka riƙa kiran Ummanka, ita ba ta iya ɓoye kewa ba. Na ba Allah ajiyarka, da addininka da lafiyarka da ƙarshen ayyukanka, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinSa. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya.

Saura abu ɗaya. A wajenmu ba a barin gaisuwa a ƙasa, ko ta daɗe sai an amsa.

Yawwa, Halifa, sannu kadai. Na dawo lafiya. Na same ku lafiya?

In ka sauka Tabuk ka kira ni ka ba ni amsa. Ka faɗe ta yadda ta zo bakinka, ba zan gyara ba.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka.